Gyaran ƙotar tsohuwar bindigar soja: yadda ake yi daga wanki har zuwa shafa mai

A ƙarshen daminar bara wani dattijo ya shigo rumfata ta kafinta a Asawase, cikin Kumasi, jikansa na biye da shi da wani abu naɗe cikin buhun shinkafa. Muka gaisa, na ba shi benci, yaron ya kwance buhun. Katakai huɗu ne na tsohuwar bindigar Lee-Enfield: gindi, da doguwar ƙotar da bututu ke kwanciya a cikinta, da murafai biyu na sama. Gindin ya yi baƙi ƙirin da mai, wuyansa ya tsage, ga banish mai ƙyalli da wani ya taɓa lafta masa yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Dattijon ya ce, "Masta, so nake ka mayar mini da ita sabuwa fil." Na ce, "Baba, sabuwa kam ba za ta koma ba, ni ma ba na so ta koma. Amma in Allah ya yarda za ta samu lafiya, ta kai ga jikokin wannan yaron."

Bindigar fareti ce, an toshe ta tun da daɗewa, ga tambarin DP a jikin katakon, alamar da sojan Ingila ke bugawa a kan bindigar da aka ware don koyon fareti, wadda ba a harbi da ita. Dattijon ya ajiye ta ne don tunawa da mahaifinsa da ya yi yaƙin Bama. Mu mutanen Zango wannan tarihin a cikin gidajenmu yake. A wancan zamani Hausa ce harshen bariki a rundunar Gold Coast Regiment, kuma irin wannan bindiga mai cin harsashi .303 iyaye da kakanni suka riƙe a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a dazuzzukan Kaladan da Arakan, cikin 1944 da 1945. Sunayen barikokinmu ma sun isa shaida: Burma Camp a Ankara, Kaladan a Tamale. Wanda bai taɓa shiga gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi ba, wadda Turawa suka sake ginawa a 1897, ya daure ya je kafin ya taɓa wannan aiki, ya tsaya ya ƙare wa tsofaffin bindigogin kallo. Idonsa zai koyi launin da shekaru ke ba katako, launin da babu gwangwanin fenti da ke ɗauke da shi.

Maganar doka ta riga maganar katako. A Ghana mallakar bindiga sai da rajista da izinin 'yan sanda, ƙarƙashin dokar makamai ta 1972, kuma tun 2007 akwai hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai. Ni dai ƙa'idata ɗaya ce, kuma ina ba duk kafinta shawarar ya riƙe ta: katako kawai nake karɓa. Ƙarfen ya zauna wurin mai shi ko wurin mai gyaran makamai da hukuma ta yarda da shi, shi zai kwance, shi zai ɗaura. Sannan ina neman ganin takarda. Wanda ya fara kame-kame a kan takarda, na sallame shi da mutunci.

Fara sanin abin da ke hannunka

Lee-Enfield iri biyu aka fi gamuwa da su. Akwai No. 1 Mk III wadda aka fara ba sojoji a 1907, katakonta ya kai har bakin bututu, da wani ƙarfe mai kauri a hanci. Akwai No. 4 Mk I ta 1941, wadda bututunta ya ɗan leƙo waje. Sanin bambancin yana da amfani saboda dalili ɗaya da ya lalata ƙotoci masu yawa. A No. 1, dogon sukurun da ke riƙe gindi yana da ƙarshe mai kusurwa huɗu wanda ke shiga wani faranti a bayan doguwar ƙota. In aka juya sukurun nan alhali ƙotar gaba tana ɗaure, sai ƙarshen ya buɗa ta kamar an sa gatari. Don haka a gaya wa duk mai kwancewa: ƙotar gaba ake fara cirewa, gindi daga baya, wajen ɗaurawa kuma gindi ne farko. Ta dattijon nan ma tana da wannan tsagar a bayan ƙota, tsohuwa, har datti ya cika ta.

A tara kowane sukuru da kowane ɗan sifirin cikin gwangwani mai murfi. Zaren sukurorin nan na Ingila ne na da, ba ya shiga da na yanzu, kuma in ɗaya ya ɓace sai ka wuni a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kana neman wanda zai yanka maka wani.

Sai ka fita da katakan waje da safe, ka dube su a hasken rana ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki hoton kowane gefe da waya. Nemi tambura: 'yar kibiyar gwamnatin Ingila, lambobin masu duba aiki, harafin S ko L ko B a saman gindi da ke nuna tsawonsa, wani lokaci da faifan tagulla a kumatun gindin. Zagaye kowane tambari da alli don kada hannu ya manta. Waɗannan su ne takardar haihuwar bindigar, kuma shafa biyar ta samfefa ta isa ta share su har abada.

Duba irin icen. Na farko-farko walnot ne, mai duhu da jijiya mai kyau. Lokacin yaƙi na biyu an koma amfani da wani farin ice da ake kira bic, za ka gane shi da 'yan ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar riɗi a jikinsa. Waɗanda aka ƙera a Lithgow ta Ostireliya da icen ƙasarsu aka yi su, mai saurin tsagewa, shi ya sa za ka ga 'yan ƙusoshin tagulla a jiki. Na Ishapore ta Indiya kuma sau da yawa akwai wani sukuru da ya ratsa ƙotar gaba. Kada a cire waɗannan. Haka faci mai siffar wutsiyar kurciya da za ka gani a dunduniyar gindi, aikin masu gyaran soja ne na wancan zamani, a bar shi yadda yake.

Idan akwai 'yan huji ƙanana kamar na allura, buga katakon a kan farar takarda. In gari mai laushi ya zubo, ƙwaro yana nan da rai. Naɗe katakon da jarida, sa shi cikin leda biyu, ɗaure sosai, a sa a firizar da ke daskarewa da gaske har mako guda. Da an fitar, a bar shi a ɗaure yini da kwana kafin a buɗe, don raɓar ta taru a bayan leda maimakon jikin ice. In wuta ta ɗauke na tsawon lokaci a tsakani, a sake ƙirga kwanakin daga farko. Wanda ba shi da firiza ya samu maganin ƙwaron katako ya ɗura a kowane huji da sirinji.

Wanki

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Abu uku na hana yarana: fasasshiyar kwalba da muke kankare kujera da ita, soda mai ƙuna, da jiƙa katako cikin ruwa. Kwalba tana cin ice. Soda tana ƙona jijiya ta bar katako fari fat kamar ƙashi. Ruwa kuma yana karkatar da murafai, waɗanda kaurinsu a wasu wurare bai fi na kwali ba.

In akwai banish, shafa maganin cire fenti da burushi a waje inda iska ke kaɗawa, da safar hannu. Jira har ya tattare, sannan ka ture shi da tsohon katin roba, kana bin jijiyar katako. Lungu-lungu kuma tsohon burushin haƙori. Ka maimaita sau biyu ko uku maimakon ka danna da ƙarfi sau ɗaya. In babu banish, datti ne da gumin hannu kawai, tsumma da tafentin, ruwan da ake tsinka fenti da shi, sun isa, da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 a wuraren da ya yi kauri, a hankali, nesa da tambura.

Sai babban ciwon, wato man inji da ya shige cikin ice. Shekara da shekaru ana zuba wa ƙarfe mai ana jingine bindiga a tsaye, man yana gangarowa wuyan gindi da bayan ƙota. Icen da ya sha irin wannan mai yakan yi laushi, farce ma yana shiga, kuma babu gam ɗin da zai kama shi. Dole a jawo man waje. Daka allin makaranta ya zama gari, kwaɓa shi da asiton ya yi kaurin koko, shafa a wurin da kauri, a bar shi ya bushe. Asiton yana narkar da man, allin yana tsotse shi. Za ka ga farin allin ya koma ruwan ƙasa. Kakkaɓe da burushi, sake shafawa. Gindin dattijon nan sai da na yi masa haka sau tara kafin allin ya fara fitowa da haskensa. Asiton yana kama wuta nan da nan, saboda haka ba sigari, ba kurfoti kusa. Kada kuma a yi amfani da na goge farcen mata, yawancinsa da mai a ciki.

Rana ma tana taimakawa. Naɗe gindin da jarida, ajiye shi a rana kamar awa ɗaya, za ka ga mai yana tsattsafowa kamar gumi, sai ka goge da tsumma mai asiton. Gindi kawai nake yi wa haka. Doguwar ƙota da murafai ba na barin su a ranar Kumasi, don sukan murɗe, kuma ƙotar da ta murɗe ba ta komawa.

Ba a neman katakon ya yi fari. Da ya daina maiƙo a hannu, kuma allin ya daina yin duhu sosai, a tsaya. Baƙin tabo da tsatsar ƙarfe ta bari kusa da sukurori, ni barinsa nake yi.

Tayar da lotsawa

Bayan wanki za ka ga raunuka iri biyu. Akwai inda aka buge katako ya lotsa amma jijiyar ba ta yanke ba, akwai inda ice ya fita gaba ɗaya. Na farkon tururi yana tayar da shi. Ɗiga ruwa kaɗan a cikin lotsawar, bar shi ya shiga minti biyu, ninka tsumman auduga mai jiƙe ka ɗora, sannan ka danna hancin dutsen guga mai zafi na daƙiƙa biyar zuwa goma. Ɗaga ka duba. Sau uku ko huɗu yawanci ya isa. Ka nisanci tambura, domin su ma lotsawa ce, tururi zai tashe su kamar yadda yake tayar da sauran. Ban kuma ce a tayar da kowace lotsawa ba. Manyan da ke kama hannu nake bi, ƙananan da ke nuna an riƙe abin nan an yi tafiya da shi ina barinsu. A bar katakon kwana biyu a inuwa ya bushe kafin a matsa gaba, in damina ce kwana uku.

Tsaga

Farin gam na kafinta ba ya riƙe icen da ya taɓa shan mai, kuma danshi yana sassauta shi. Sufa gulu yana bushewa kafin ya kai ciki, ya toshe bakin tsagar ya hana gyara na gaba. Abin da ke aiki shi ne gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke bushewa a hankali cikin awa 24. Na minti biyar ba ya ba ka lokacin turawa ciki.

Da farko gano inda tsagar ta ƙare. Ɗiga asiton a kanta, za ka ga layin ya yi duhu ya wuce inda ido ya tsaya, wani lokaci da kusan tsawon ɗan yatsa. Buɗa ta kaɗan da tsinken ashana ko ɗan siririn ice, kaɗan ƙwarai, gwargwadon yadda takarda za ta shiga. In ka ji ƙara, ka wuce gona da iri. Wanke cikinta da asiton ta sirinji sau da yawa, har ruwan da ke fitowa ya zama garau, sannan a bar ta kwana ɗaya.

Kafin a haɗa gam, gwada matsewar a bushe. Yanka tsohon tif na keke ya zama dogayen igiyoyi masu faɗin yatsa biyu. Roba ta fi abin matsi na ƙarfe a nan, don ƙota ba ta da gefe miƙaƙƙe, kuma roba ba ta barin tabo. Naɗa ka ja, ka ga ko bakin tsagar ya haɗu daidai. In bai haɗu ba akwai datti ko ɗan tsinken ice a ciki, a fitar da shi tukuna. A doguwar ƙota sai an sa wani ice da aka sassaƙa daidai faɗin ramin bututu a ciki kafin a naɗa, in ba haka ba robar za ta matse bangon biyu su rufta.

Shafa kakin zuma ko kyandir a gefe da gefen tsagar ta waje, da cikin kowane ramin sukuru da ke kusa, don gam ɗin da ya tsiyayo kada ya kama. Haɗa gam daidai wa daida. Ɗumama katakon kaɗan da abin busar da gashi, ɗumin da hannu zai iya jurewa, sai gam ɗin ya tsinke ya bi tsagar da kansa. Tura shi da siririyar waya ko gefen katin roba, kana buɗewa kana sakewa a hankali kamar numfashi, har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Cire tsinken, naɗe da roba, goge abin da ya fito. Sai a ajiye shi inda yara ba za su taɓa ba. Awa 24 aka rubuta, ni ina ba shi kwana biyu.

Tsagar wuyan gindi da ta bayan ƙota suna bukatar ƙari, domin nan ne nauyi ke sauka. Bayan gam ya bushe, huda rami mai milimita uku da ya ratsa tsagar a gicciye, daga inda ƙarfe zai rufe in zai yiwu, kana lura kada ka faɗa ramin dogon sukurun gindi. Yanka sandar tagulla mai zare daidai tsawon, wanke ta da asiton, shafa gam, murɗa ta ciki har kanta ya nutse kaɗan, sannan ka toshe bakin da ɗan ice. Ƙusar ƙarfe ba ta da wuri a nan: za ta yi tsatsa a danshinmu, ta baƙanta icen, ta sake fasa shi.

Ka kuma tambayi kanka me ya fasa shi tun farko. Sau da yawa gindi ne ya yi sako-sako a cikin soket ɗin ƙarfe, yana girgiza har gefen ƙarfen ya ci wuyan. Maganinsa a manna siririn ɓawon katako a jikin harshen da ke shiga soket, a rage shi a hankali har ya shiga da ɗan ƙarfi. A bakin soket kuma, tsakanin ƙarfe da kafaɗar katako, ana barin 'yar tazara kamar kaurin takarda. Da gangan masu ƙira suka bar ta, kada a cike.

Faci

Inda ice ya fita, kamar dunduniyar gindi da ake bugawa a ƙasa wajen fareti, faci ake yi. Cika babban rami da gam da garin katako yana barin tabo mai kama da tabon kwalta. Wannan dabarar ta ƙananan huji ce kawai, kuma da garin icen kansa ake kwaɓawa.

Mafi kyawun ice shi ne na wata karyayyar ƙota irinta. In babu, a je Sokoban a zaga wurin masu katako da gindin a hannu ana gwadawa. Ga walnot, guntun safele ko maɗaci da ya daɗe da bushewa yana kusa da shi a launi da tauri. Icen wawa ya yi laushi, kada a kula shi. Jiƙa yatsa da ruwa ka shafa a kan guntun da kuma cikin ƙotar, launin da suka nuna a jiƙe shi ne wanda za su nuna bayan mai.

Gyara ramin da cizal mai kaifi ya zama mai gefe miƙaƙƙe, cikinsa ya ɗan fi bakinsa faɗi yadda facin zai shiga ta gefe ya kulle. Yanka facin jijiyarsa na bin ta ƙota, ya ɗan fi ramin tudu. Ramin ake fara gamawa, sannan a yi ta rage facin har ya shiga da turin babban yatsa. Shafa alli a cikin ramin, inda ya taɓa facin nan ne za a rage. Manna, naɗe, jira. Bayan ya bushe ka sassaƙe tudun da cizal da magagari, ka liƙa tef a kewaye don kare tsohon icen. Sabon faci yakan fi haske, sai a taɓa shi shi kaɗai da rinin katako mai sifirit, da ɗan auduga a kan tsinke, kaɗan-kaɗan, ana bari yana bushewa ana dubawa. Gara ya ɗan fi haske da ya fi duhu, mai zai ƙara masa.

Ramin sukurun da ya lalace, irin na farantin tagullar gindi, a huda shi ya yi tsabta, a manna turken ice mai tauri, a sake huda ƙaramin rami.

Samfefa

A nan nake saɓawa da abokan sana'a da yawa. Hannun kafinta ya saba da samfefa, yana ganin aiki bai kammala ba sai ya yi sumul. Amma a bindigar soja katako yana ɗan fin ƙarfe tudu a duk inda suka haɗu, kuma da an goge shi ya koma ƙasa da ƙarfe, duk mai ido zai gane daga nesa, ba kuma yadda za a mayar. Ni a kan faci da layin gam kawai nake sa ta, lamba 220 sannan 320, naɗe a jikin ɗan katako, ina bin jijiya. Sauran jiki, inda tururi ya tayar da gashin ice, shafa ɗaya mai sauƙi da 400 ko soson 0000 ta wadatar. Gefuna masu kaifi da ramin yatsu a bar su da kaifinsu. Cikin ƙota, inda ƙarfe ke zama, ba a taɓa shi ko kaɗan.

Mai

Da man linsid aka gama waɗannan katakai tun daga masana'anta, da shi kuma sojoji ke shafa su. Shi za a koma wa. Masu sayar da kayan fenti a Adum da kewayen Kejetia ne wurin tambaya, wanda ake kira dafaffe ya fi saurin bushewa. An sha tambayata ko man kaɗe ko man ja ko man gyaɗa za su yi. Ba za su yi ba, domin ba sa bushewa su yi tauri a cikin ice, sai dai su yi danƙo, su yi wari, su jawo ƙura da kyankyaso. Baƙin mai kuwa shi ne ciwon da muka sha wahalar cirewa.

Shafin farko a haɗa linsid da tafentin rabi da rabi don ya shiga ciki. Shafa da tsumma ko'ina, har da ƙarshen gindi da farantin tagulla ke rufewa, don ta nan danshi ya fi shiga. Bar shi minti ashirin zuwa talatin. Sannan ka goge shi tas da busasshen tsumma, kamar wanda ya yi kuskure yana so ya cire. Abin da ya shiga ciki shi ne aikin, abin da ya kwanta a sama danƙo zai zama. Rataye katakan da waya a inuwa inda iska ke wucewa.

Daga shafi na biyu, mai zalla, ɗigo kaɗan a tafin hannu. Murza da tafin har ka ji wurin ya yi ɗumi, ka bi jiki duka, ka jira rabin awa, ka goge. Ɗigo biyar ko shida sun isa gindi guda. Kada a ƙara wani shafi sai na baya ya bushe: shafa bayan hannu, in ya kama ko kaɗan, a ƙara kwana. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kwana ɗaya yakan isa, sai dai a kare shi daga ƙura. A tsakiyar damina, Yuni musamman, na sha jiran kwana uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. In aka yi gaggawa ya yi danƙo, a goge da tafentin da soson 0000 a sake.

Shafi biyar zuwa takwas yawanci ya isa. Za ka gane an kai lokacin da icen ya daina shan man, ya yi wani sheƙi mai zurfi marar ƙyalli, jan-ƙasa-ƙasa, tambura suka fito raɗau. A shafi na huɗu ne na ga wata 'yar lamba a ƙarƙashin wuyan gindin dattijon nan da banish ya ɓoye shekaru, na aika a kira jikan ya zo ya gani.

Tsumman linsid yana iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi aka jefa a lungu, domin man yana yin zafi yayin da yake bushewa. A rumfar da ke cike da garin katako wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Kowane tsumma a tsoma shi cikin bokitin ruwa, ko a shanya shi a buɗe a kan siminti a waje har ya bushe ƙarau. Ni da kaina nake duba wannan kowace yamma kafin a kulle, ba na barin wa yara.

Bayan shafi na ƙarshe a ba shi mako biyu kafin a mayar wa mai ɗaurawa. A gaya masa ya ɗaure sukurori daidai, kada ya ƙure su, kuma farantin tagulla a goge shi da tsumma kawai, ba sai ya yi walƙiya ba.

Da dattijon ya zo karɓa, na shimfiɗa katakan a kan tsohon zane. Ya ɗauki gindin ya juya shi, ya bi layin tsagar da babban yatsa, ya kai shi hanci ya shinshina. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni yadda zai ajiye ta. Na ce, "Baba, kada a jingine ta a ƙasa, gara tana hawa, siminti kuma yana ba da danshi. A rataye ta a kwance a bangon ciki, nesa da taga da rana, kada a sa ta cikin leda ko buhu. In an shafa wa ƙarfe mai, kaɗan, kada ya gangaro kan ice. Da hunturu in sukuru ya yi sako-sako kada a ƙure shi, damina za ta kumbura katakon ya koma." Na zuba masa linsid a 'yar kwalbar magani, na nuna wa jikan yadda ake murzawa da tafin hannu, ɗigo kaɗan sau ɗaya a shekara bayan ruwa ya ɗauke. Yaron ya gwada a kan wani guntun safele da ke kan benci har tafinsa ya yi ɗumi, sannan suka naɗe katakan cikin zanen, suka bar mini buhun shinkafar.